An Umurce Ni In Sanar Da Kai

Kwanakin baya wani kawuna, wanda ya yi shekara 35 yana koyarwa a firamare kafin ya ajiye alli, ya turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp, ya biyo ta da saƙon murya: “Ɗana, duba mini wannan. Kuɗi za su ba mu, ko kuɗi za su karɓa?” Takardar ta fito ne daga ofishin da ke kula da fanshonsu, shafi ɗaya da rabi, cikin Turanci mai nauyi kamar buhun gishiri. Sai da na karanta ta sau uku kafin na tsamo abin da take nufi: ya je da kansa, da katin shaida da hotuna, kafin ƙarshen wata, in ba haka ba a tsayar da fanshonsa. Wannan gargaɗi yana kwance can a sakin layi na biyar, kuma ko kalmar “tsayarwa” babu a cikinsa. Abin da aka rubuta, in an juya shi zuwa Hausa yadda yake, shi ne cewa rashin bin ƙa’idojin da aka ambata a sama zai iya yin tasiri ga ci gaba da sarrafa haƙƙoƙin wanda abin ya shafa.

Kawu ya koyar da Turanci. Wasu daga cikin waɗanda ya koya wa haɗa baƙi yanzu daraktoci ne, kuma ba mamaki ɗayansu ne ya sa hannu a takardar.

Da’awata a nan ita ce: duk takardar da hukuma ta aika wa ɗan ƙasa, ta ɗora masa nauyi a cikinta, sannan ta rubuta ta yadda ba zai gane nauyin ba, tarko ce, ko da marubucinta bai yi niyyar ɗana tarko ba. Da yake kuma yawancin masu karanta wannan shafi ma’aikatan gwamnati ne da lauyoyi da ma’aikatan banki da jami’an yaɗa labarai, gara in faɗa tun da wuri cewa mu ne muke rubuta irin waɗannan takardu. Ni ma na rubuta su, har na ji daɗin ganin sunana a ƙarƙashinsu.

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati a Nijeriya ya haddace mabuɗin: an umurce ni in koma ga wasiƙarka mai lamba kaza, ta ran kaza, a kan batun da ke sama, kuma in sanar da kai cewa. Layi uku sun tafi, ba a ce komai ba tukuna. Wannan salo gado ne daga zamanin da Di’o yake rubuta wa Razdan, Razdan ya rubuta wa Gwamna a Kaduna, akawunan farko kuma suka koye shi yadda ake koyon karatun allo, ba ƙari ba ragi. Sai dai akwai abin da muke mantawa. A wancan zamani takarda tsakanin jami’i da jami’i take yawo. Ba talaka ake rubuta wa ba. Idan umurni zai kai gare shi, sai ya bi ta fadar sarki, ya sauka wurin hakimi, ya kai ga dagaci da mai unguwa, daga ƙarshe mai shela ya tsaya a kasuwa ya faɗe shi da Hausa. Mai shela kuwa ba shi da damar noƙe-noƙe, domin jama’a suna gabansa, kuma wani zai ɗaga murya ya ce, nawa ne, yaushe ne? Mulkin ya kasance na danniya, amma saƙonsa yana isa a fili. Yau takarda kai tsaye take zuwa hannun ɗan ƙasa, mun cire mai shela daga tsakani, mun bar harshen da aka tsara don Razdan.

Abin takaicin shi ne masu rigar sun daɗe da tuɓe ta. A watan Agustan 1940, lokacin da jiragen Jamus suke kai wa Ingila hari, Winston Churchill ya sami sararin rubuta wa ministocinsa da manyan ma’aikata takarda mai shafi ɗaya yana neman a gajarta rahotanni, a daina cika su da jimlolin da ba su ɗauke da komai, saboda suna cin lokacin da ba a da shi. Bayan yaƙi, Baitulmalin Birtaniya ta roƙi Ernest Gowers, tsohon ma’aikaci wanda ya taɓa shugabantar hukumar haraji ta ƙasar, ya rubuta wa ma’aikata jagora a kan rubutu mai sauƙi. Littafin ya fito a 1948, shekara 12 kafin Nijeriya ta sami ’yanci. Ke nan tun muna ƙarƙashinsu suka fara yaƙar salon da muke tinƙaho da shi yau. A 1979 wata mata mai suna Chrissie Maher, wadda ita kanta ba ta iya karatu ba sai da ta zama budurwa, ta kwashi fom-fom na gwamnati ta kai dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan, ta yi ta yayyaga su a idon jama’a. Daga nan aka kafa ƙungiyar fafutukar Turanci mai sauƙi, wadda har yau take ba da lambar kunya ga rubutun da ya fi kowane duhu. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta haɗe shafukanta na intanet wuri guda a 2012, sai ta fitar da jerin kalmomin da ba ta so ma’aikata su yi amfani da su. Cikinsu akwai kalmar nan ta “isarwa” da ’yan siyasa suke ƙauna. Jagoran ya ce a bar ta ga mai kai wasiƙa da mai kai abinci gida, domin abin da ba a iya riƙewa a hannu ba a isar da shi. Nakan tuna wannan duk lokacin da na ji wani gwamna ya yi alkawarin isar da romon dimokuraɗiyya.

A Amurka ma haka. A 1998 hukumar da ke kula da hada-hadar hannun jari ta fitar da jagorar rubutu mai sauƙi, Warren Buffett ya rubuta mata gabatarwa, inda ya bayyana cewa idan yana rubuta rahoton kamfaninsa na shekara, yakan ɗauka da ’yan’uwansa mata biyu yake magana: masu kaifin hankali ne, amma ba masana lissafin kuɗi ba ne. A watan Oktoban 2010 Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa hukumomin tarayya rubuta takardun da suka shafi jama’a cikin harshe bayyananne. Dokar tana da rauni babba, domin ba ta ba ɗan ƙasa damar kai hukuma kotu idan ta saɓa mata ba, kuma wannan darasi ne ga duk wanda yake ganin kuduri ɗaya a majalisa zai gyara mana al’amarin.

To, me ya sa abu mai sauƙi haka yake buƙatar yaƙi? Saboda harshe mai duhu yana yi wa marubucinsa aiki, kuma ba ƙaramin aiki ba. Dubi ƙaramar kalmar nan “an”. An yanke shawara. An samu tsaiko. Za a duba. Wa ya yanke? Wa ya jawo tsaikon? Wa zai duba, kuma yaushe? Hausa tana da wannan kalma don wurin da ba a san mai aikatawa ba, ko wurin da kunya ta hana ambatonsa, amma a ofis ta zama labule. Takardar da babu mai aikatawa a cikinta ta hana ɗan ƙasa sanin ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Idan aka rubuta “ni, daraktan kuɗi, na tsayar da biyanka saboda kaza”, mutum ya san inda zai nufa gobe da safe, kuma daraktan ya san za a nufo shi. Shi ya sa ba a rubuta haka.

Aiki na biyu shi ne lulluɓe ciwo. Tun daga shirin gyaran tattalin arziki na 1986 a zamanin Janar Babangida muka saba da wani ƙamus na musamman: korar ma’aikata ta zama daidaita yawan ma’aikata, ƙarin kuɗin mai ya zama daidaita farashi, kuma buhun shinkafar da ake rabawa bayan an yi ɓarna ya zama tallafin rage raɗaɗi. George Orwell ya yi wannan ƙorafi tun 1946, cewa ana ƙirƙirar irin wannan harshe ne don kare abin da ba zai karu ba idan an faɗe shi da sunansa. Ba ina cewa faɗa a fili yana mayar da mugun hukunci mai kyau ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya tsaya a dandalin Eagle ya faɗa cikin ’yan kalmomi cewa tallafin mai ya tafi, kuma cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500. Sauƙin maganar bai rage wa kowa ko sisi ba. Amma babu ɗan acaɓa ɗaya a ƙasar nan da ya kwana bai san abin da ya faru ba, ko wanda ya aikata shi. Mai goyon baya ya san abin da yake goyon baya, mai fushi ya san wanda yake fushi da shi. Wannan sanin ne jami’i yake gudu idan ya zauna rubuta sanarwa.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sauyin takardun naira. Ranar 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, ya sanar cewa za a sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000. Da bakinsa ya ce daga cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo, kusan tiriliyan 2.73 ba sa cikin bankuna. Wato shi kansa ya san kuɗin suna hannun mai sayar da hatsi da mai awon nono da falke da mahauci, mutanen da ba sa karanta takardun da ake aika wa shugabannin bankuna. Abin da kowannensu yake buƙatar sani bai wuce tambayar da yake yi kowace safiya ba: wannan takardar da aka miƙo mini, in karɓa ko kada in karɓa, kuma in na karɓa ina zan kai ta? Ku duba amsoshin da ya samu. Wa’adin farko 31 ga Janairun 2023. Daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, da ƙarin kwana bakwai da aka ce takardun ba halastaccen kuɗin ciniki ba ne amma Babban Banki zai karɓe su. Wannan bambanci lauya ya san shi. Ga mai tumatir kuwa, kuɗi ko dai yana ci ko ba ya ci. Ranar 8 ga Fabrairu Kotun Ƙoli ta dakatar da wa’adin bisa ƙarar jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara. Ranar 16 ga wata Shugaba Buhari ya ce tsohuwar naira 200 kaɗai za ta ci gaba da yawo. Ranar 3 ga Maris kotun ta yanke cewa duka ukun suna nan har ƙarshen shekara, ta kuma ce ba a ba jama’a isasshiyar sanarwa ba kamar yadda dokar Babban Banki ta tanada. Sannan aka yi kwana goma bankin bai ce uffan ba, sai ranar 13 ga Maris ya amince a fili.

Na san babban laifin na ƙarancin sababbin takardun ne, kuma na san jami’an bankin sun zaga kasuwanni suna bayani. Amma a duk tsawon waɗancan makonni, babu wata jimla guda, gajera, mai suna da rana, wadda ɗan kasuwa zai dogara da ita ya karɓi kuɗi hankali kwance. Inda hukuma ta bar gurbi, jita-jita ta cike shi, kuma wanda ya sayar da akuyarsa da asara don ya sami sabon kuɗi shi ya biya kuɗin wannan gurbi.

Wani lokaci ma haƙƙin mutum ne ake binnewa. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙara wa ’yan rukunin A kuɗi daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kowane ma’auni. Ma’anar rukunin A ita ce kamfani ya ɗauki alkawarin ba ka wuta aƙalla awa 20 a rana, kuma umurnin hukumar ya tanadi cewa idan aka kasa cika wannan alkawari kwana bakwai a jere, a sauke layin zuwa rukunin ƙasa. Mutum nawa a cikin masu biyan wannan kuɗi suka san haka? Da an buga jimlar a saman kowace takardar kuɗin wuta, da kowane gida ya zama mai sa ido, da agogo da littafi. An bar ta a cikin umurni mai shafuka, tsakanin kalmomin injiniyoyi.

Wani zai ce, ai maganin a fassara komai zuwa Hausa. Ina ma haka ne. Duhu yana tsallake fassara lafiya lau, har ya yi ƙiba. Ku saurari labaran rediyon jiha na yamma ɗaya: gwamnati ta jaddada ƙudurinta, ta sha alwashin inganta, ta bayyana aniyarta ta bunƙasa, za ta haɗa hannu da masu ruwa da tsaki don samar da kyakkyawan yanayi, za kuma ta ɗauki matakan da suka dace nan ba da jimawa ba. Kowace kalma Hausa ce, amma ka tambayi mai sauraro rijiya nawa za a haƙa, a wane ƙauye, kafin wane wata, ka ga ko yana da amsa. “Masu ruwa da tsaki” magana ce mai rai a da. Yanzu an tatse ta har ta zama sunan duk wanda aka gayyata taro aka ba shi ruwan roba. Mun ƙera wa kanmu Hausar ofis wadda ba a yin ta a kowane gida ko kasuwa, kuma ina tsoron haka za ta faru a Nijar, inda a 2025 aka ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan abin da za a yi shi ne a zuba jimlolin Faransancin gwamnati cikin kalmomin Hausa, manomin Maraɗi bai ƙaru da komai ba sai sabon nau’in rashin fahimta.

Hujjar da ta fi ƙarfi a ɗaya ɓangaren ta lauyoyi ce, kuma ba na raina ta. Suna cewa kalmar doka tana da ma’anar da kotuna suka daɗe suna tacewa, idan ka musanya ta da kalmar kasuwa ka buɗe ƙofar gardama. Gaskiya ne ga wasu kalmomi ƙalilan, kamar yadda likita yake da sunan cuta wanda ba shi da madadi. Irin waɗannan a bar su, a bayyana su sau ɗaya a jimla ta gaba. Amma mai karatu ya ɗauko kowace sanarwar gwamnati ya ƙirga kalmomi nawa ne a cikinta suke da irin wannan matsayi. Zai tarar mafi yawan nauyin ba daga doka ya zo ba. Daga tsoro ya zo, da al’ada, da son a ce wane ya iya Turanci. Afirka ta Kudu ta rubuta tsarin mulkinta na 1996 da niyyar talaka ya karanta ya gane, ta fassara shi zuwa harsunanta na hukuma, kuma kotun tsarin mulkinta tana yanke hukunci da shi ba tare da ya narke ba. Namu tsarin mulkin na 1999 ma ya san ƙa’idar. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24, cikin harshen da yake ji. Sashe na 36 ya ce wanda ake tuhuma a bayyana masa laifinsa dalla-dalla cikin harshen da yake fahimta. Idan wanda ake zargi da sata yana da haƙƙin gane abin da hukuma take faɗa masa, da wace hujja za a hana tsohon malamin firamare wannan haƙƙi a kan fanshonsa? Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta tilasta wa ’yan kasuwa ba da bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta. Gwamnati ta wajabta wa mai sayar da sabulu abin da ta yafe wa kanta.

Akwai kuma masu cewa sauƙin harshe yana zubar da kwarjinin hukuma. Waɗannan ina mayar da su ga tarihinmu. Lokacin da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, jarida ce ta hukuma, kuma Abubakar Imam ya yi bayanin yaƙin duniya da haraji da kiwon lafiya cikin Hausar da ake karanta wa jama’a a zaure su gane, su yi gardama, su aiko da wasiƙa. Babu wanda ya ce ya zubar da girman kowa. Har yau da Hausarsa ake auna ta wasu. Kafin shi da ƙarni guda, Nana Asma’u, wadda ta iya Larabci kamar kowane malami na zamaninta, ta zaɓi ta tsara ilimi cikin Hausa da Fulatanci, ta ba jajis su kai wa matan ƙauye. Wanda ya san abu sosai shi yake iya sauƙaƙa shi. Sau da yawa jimla mai duhu alama ce cewa marubucin bai gama yanke abin da yake nufi ba, ko kuma maigidansa bai yanke ba, sai aka bar wa kalmomi su rufa asiri.

Abin da nake nema ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Shugaban ma’aikata na tarayya, ko na kowace jiha, zai iya fitar da umurni gobe cewa duk takardar da za ta je hannun ɗan ƙasa ta buɗe da abin da ake so ya yi, da ranar ƙarshe, da abin da zai same shi idan bai yi ba, da sunan ofishin da zai tambaya. Tarihi da lambobin fayil su biyo baya ga mai bukata. Kafin a sa hannu, a miƙa wa masinja ko direban ofis ya karanta, a tambaye shi me aka ce ya yi. Idan ya kasa faɗa, takardar ce ta faɗi jarrabawa, a koma a sake ta. Na Hausa kuma a ba wanda zai rubuta shi daga tushe, bayan ya fahimci hukuncin, maimakon a miƙa wa mai fassara jimlolin da ko mai su bai gane ba.

Na gwada wannan da takardar kawu. Ga abin da na tura masa: “Ka je ofishin fansho da kanka kafin ƙarshen wannan wata, da katin shaidarka da hotuna. Idan ba ka je ba, za su tsayar da fanshonka.” Sai da na rubuta ta haka na lura cewa shafi ɗaya da rabin nan bai ce komai ba game da wanda yake kwance ba shi da lafiya, a cikin duhun jimlolin ban ga ramin ba, kuma ina zaton marubucin ma bai gan shi ba. Kawu ya je ranar Talata, ya yi awa biyar a layi, aka tantance shi. Maƙwabcinsa, wanda suka yi ritaya tare kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, har yanzu ’ya’yansa suna neman wanda za su tambaya.